Wasa iri biyu

Litinin, dare.

Tun bayan isha'i aka ɗauke wuta. Ina tsakar gida kan tabarma, salula a hannu, kowa ya yi barci ban da ni da sauro. Ba zafi ne ya hana ni runtsawa ba, ko da yake na yau ya isa a yi maganarsa. Wata kalma ce ta suɓuce mini da la'asar a maƙerar wani dattijon maƙeri da muke kira Baba, kuma magana zarar bunu ce.

Awa biyu kawai gare ni a lakwal yau, ƙarfe 10 na fito. Ranar kasuwa ce, adaidaita da kabu-kabu da amalanke duk sun cushe a hanya ɗaya, ga ragunan layya an fara shigowa da su. Na fara biyawa ta wurin masu tsofaffin ƙarafa neman lam, sifirin ɗin mota, don wuƙa ta gaba da zan ƙera. Yaron ya jawo mini wani na kamyo, kaurinsa ya kai yatsana, na ce wannan sai dai gatari. Muka yi ta tono har muka samu na ƙaramar mota, karyayye. Na kankare tsatsar na duba shi ciki da baya, domin lam ɗin da ya karye a hanyar Dakoro ba haka kawai ya karye ba, gajiya ya yi, kuma tsagar da ido bai gani ba wuta ce ke tona asirinta. Aka ɗora a sikeli na biya. Yana miƙo mini canji yana tambaya ko hauya zan kai a ƙera mini, tunda damina ta gabato. Na ce masa e, don bayanin zai yi tsawo.

Sanfefa kuma, shagon kayan gini uku na shiga, kowa lamba 80 da 120 gare shi, na kafintoci. A na ukun ne mai shagon ya ce, "Mushe, in mai laushi kake so ai sai wurin masu sayar da fentin mota." Na je, ga 240, ga 400, irin wanda ake gogawa da ruwa, jibge a kan kanta. Tun da na fara wannan harka nake aika sautu Kano, ina jiran direba ya tuna da ni in ya shiga Ƙofar Ruwa. A 2023 da aka rufe iyaka har watanni na yi ina lallaɓa tsoffin guntaye kamar kayan gado. Ashe abin yana nan cikin gari, tafiyar minti goma.

Uwar maƙera dai har yanzu babu. Kan babbar gudumar nan da na kafa a kututture shi nake duka a kai. Masu bidiyon Amurka kullum shawararsu ɗaya, wai ka nemi guntun ƙarfen layin dogo. A Maraɗi? Sai dai in jira wanda aka aza harsashinsa a 2021 ya iso daga Kano, kuma ko ya iso ba na jin za su yanko mini taku ɗaya.

To, wuƙata ta huɗu. Ga tarihin yayyenta: ta farko na tsoma ta a ruwa ta ce ƙas, ta rabe gida biyu, ta biyu ta fito a karkace kamar lauje, ta uku ba ta yi tauri ba sam, tana kicin Maman yara na yanka alayyafo da ita tana tsaki. Wannan kuwa mako uku na yi a kanta. Na gasa ƙarfen na binne a toka ya kwana don ya yi laushi, na huda ramuka biyu na ƙota, na bi ta da magagari dare bayan dare har hannuna ya yi kanta. Na rantse ba zan ƙona ta da kaina a murhun gawayi ba. Shi ya sa bayan la'asar na naɗe ta a tsumma, na ɗauki galan ɗin man gyaɗa lita biyu da maganaɗisun da na ciro daga tsohuwar rediyo, na nufi wurin Baba.

Na tarar da maƙerar ba masaka tsinke. Sallah saura kwanaki, wuƙaƙen fiɗa a jere a ƙasa kamar kifi a kasuwa, mahauta biyu na jiran a wasa musu nasu, wani baƙauye ya kawo galma. Yaro ɗaya na juya ƙafar keken da ke hura wutar, don zugazugin fata tuni aka rataye shi, sai in keken ya lalace. Na yi sallama na durƙusa.

"Baba, sannunku da aiki."

"A'a, Mushe ne? Yaya yaran lakwal? Me ka kawo mana yau, wata gawar ce?"

Yaran suka kwashe da dariya. Na kwance tsumman. Ya karɓa, ya riƙe ta da yatsa biyu ya ƙyasta mata farce ya kara kunne, sannan ya rufe ido ɗaya ya bi gadon bayanta da kallo. "Lam ne," in ji shi. Na ce lam ne. Na so in ƙara da cewa irin wannan ƙarfen ne Amurkawa ke kira 5160, wai sittin ɗin nan na ƙarshe yawan sinadarin kabon ne, kashi 0.6 cikin ɗari, amma Allah ya taimake ni na yi shiru. Ya shafa bakin da babban yatsa ya girgiza kai. "Ka yi gaggawa. Ba a kaifafa wuƙa kafin ta shiga wuta. Bakin nan ya yi siriri, zai lanƙwashe." Kafin in ce wani abu ya ɗauki magagari ya bi bakin sau biyar ko shida, ya dakushe abin da na kwana uku ina gyarawa. Har cikin haƙorina na ji.

Ya sa aka ƙaro gawayin ƙirya, wanda yake ɓoyewa a buhu daban saboda yanzu samunsa sai an sha wuya, ya ce a ja tabarmar ƙofa don wurin ya yi duhu. A rana ba a ganin launin ƙarfe na gaskiya. Ya jefa wani guntun ƙarfe mai zafi cikin man da na kawo don ya yi ɗumi. Ɗaya daga cikin yaran ya leƙa galan ɗin ya ce, "Baba, Mushe ya kawo mai, saura ƙosai." Su baƙin man mota suke amfani da shi, ko ruwa in gatari ne. Ni hayaƙin baƙin man nan ne ba na so, kuma man gyaɗa ai a garinsa muke.

Ya kama ta da awartaki, gadon baya a ƙasa, yana shigar da ita yana fitarwa a hankali don tsinin kada ya riga sauran jiki zafi. Ta yi ja mai duhu, ta fara haske. Nan na fito da maganaɗisuna ɗaure a waya. Na ce, "Baba, ku yi haƙuri in gwada wani abu." Abin da nake koya wa yara ne a aji: ƙarfe in ya kai wajen digiri 770, maganaɗisu ba ya kama shi. Baba bai ce komi ba, ya miƙo mini ita. Na taɓa, ya kama. Ta koma wuta. Na sake taɓawa, ya saki. Na ce, "Ta yi!" da ƙarfi, har mahaucin ya waigo.

"Ba ta yi ba," in ji Baba, ya mayar da ita cikin garwashi. Ya ƙirga abin da shi kaɗai ya sani, numfashi biyar ko shida, sai ya zaro ta ya nutsa a mai, tsini a gaba, a miƙe. Wuta ta tashi a bakin galan ɗin da muka yanke, wurin ya cika da ƙamshin tuya. Abin haushin, gaskiyarsa ce, kuma na sani. Irin wannan ƙarfen sai ya wuce inda maganaɗisu ke saki, ya kai wajen 830. A takarda na karanta, ɗoki ya mantar da ni. Shi kuwa bai taɓa jin lambar ba.

Ta fito baƙa ƙirin, a miƙe sak. Ya goga mata magagari, ya zame yana ƙara kamar a kan kwalba. Ban san lokacin da na ce Allahu akbar ba. Ya ce kada in yi murna tukuna, a haka in ta faɗi ƙasa fashewa za ta yi. Ya kankare gefe ɗaya da dutse har farin ƙarfen ya fito, ya ɗora gadon bayanta a kan wani ƙarfe mai zafi, muka zuba ido. Launi ya fara tasowa daga baya yana gangarowa baki, fari ya koma ruwan karan dawa busasshe, ya doshi ruwan zuma. Kafin shuɗi ya iso bakin ya ɗauke ta ya sanyaya. Wannan a littafi digiri 200 ne da 'yan kai, a tanda, awa biyu. Na taɓa tunanin roƙon masu gidan burodin unguwarmu su saka mini ita bayan sun kwashe na asuba.

Har nan komi daɗi. Ina ta washe baki.

Sai ya juya ta a hannu ya ce, "Ta yi kyau. Nawa za ka sa mata?"

Na ce ba ta sayarwa ba ce.

"To wa ya sa ka?"

Na ce ba kowa. Kuma don in nuna ladabi, don kada ya ɗauka ina neman shiga gonarsa, sai na ce, "Ai Baba ni wasa ne kawai nake yi."

Bai ɗago ba. Ya miƙa wa yaro wata wuƙar fiɗa, sannan ya ce, "Mu nan wasa ɗaya muka sani, na wuƙa a kan dutse."

Yaran ba su yi dariya ba wannan karon. Ya ci gaba da magana yana gyara garwashi, ba da faɗa ba, kamar mai ba da labarin wani. Wai shi bai zaɓi ƙira ba, a cikinta ya buɗe ido, ubansa da kakansa duk a bakin wutar nan suka tsufa. Jikansa da ya so ya bar wa masaba ya ce hayaƙi na sa masa ciwon ido, yana can yana kabu-kabu. "Kai kuma ga albashinka, ga farar riga, ka sayo mai lita biyu ka zo shan hayaƙi. Allah mai iko." Na kalli wuƙaƙen da ke jere a ƙasa. Dala ɗari yake sayar da ƙananan, jika guda manyan, kuma sai an yi ciniki. Man da na ƙona yau kaɗai ya fi kuɗin uku daga cikinsu. Sanfefa, gam mai haɗi biyu, bakin injin huda da na karya har biyu, ban ma lissafa ba.

Na ciro kuɗi na ce ga na gawayi. Ya ture hannuna. Na nace, ya ce, "Mushe, kada ka ɓata mana zumunci. In ta yanka ragon layya ka zo ka faɗa mini yadda ta yi." Na ce to. Ban iya gaya masa cewa ban taɓa yanka rago da hannuna ba, kowace shekara Kawu ne ke zuwa da tasa wuƙar, wadda ina kyautata zaton a wurin Baban ya saye ta.

A hanya na yi ta juya abin. Da na ce sha'awa ce, ko koyo nake yi, da ya fi. Amma koyo ma ai ƙarya ne, wanda ke koyo yana juya keke shekara biyu kafin a ba shi guduma, ni kuwa na shigo da maganaɗisu ina cewa ta yi. Ban san ko ya ji haushi ba ko kuwa ni ne na ɗora wa kaina. Fuskarsa ba ta nuna komi ba, har ya ce in gaida gida.

Wurin baduku ban je ba. Na so a ɗinka mata kube da fatar jar akuyarmu ta Maraɗi, jemammiya da bagaruwa, har na zana yadda nake so a bayan takardar jarrabawa. Sai wani lokaci.

Ƙota: guntun taɓaryar Inna da ta karye, ƙirya ce, na tsaga biyu tun makon jiya. Ƙusoshin tagulla har yau ban samu ba, mai walda ya ce in dawo Alhamis.

Maman yara ta tambayi man gyaɗarta. Na nuna mata galan ɗin, baƙi, da ɓurɓushin ƙarfe a ƙasa. Ta dube ni ta dubi wuƙar ta ce, "Allah ya sa dai wannan ta yanka albasa." Auta ya so ya taɓa, na hana shi, na ɗora ta kan katanga inda hannunsa ba ya kai.

Gobe aji na farko ƙarfe 8, kuma darasin zafi ne da ma'auninsa. Na yi niyyar tafiya da maganaɗisun in ba su labarin yau. Yanzu ban sani ba. Wataƙila in biya kasuwa in sayi goro in kai wa Baba, amma me zan ce na kawo shi don shi?

Wuta ta dawo, fanka ta tashi a ɗaki. Sauro ya gama da ƙafata.