Really ɗin nan, gaba ta zo ko baya?

Talata, ba aiki. Na yi wainar masa, ƙullun ya tashi kuwa duk da sanyin garin nan don jikin hita na jingina robar na lulluɓe da tsohon tawul. Miyar taushe da kabewar da na samo a kasuwar Kirkgate, attarugu biyu kacal na jefa saboda yara. Biyu fa, ku shaida.

Da Auta ya dawo makaranta na zuba wa maƙwabciyarmu Mai Kyanwa nata na ce ya miƙa mata. Kafin ƙarfe huɗu har an yi magariba, Disambar Leeds kenan, ina idar da salla sai ga ta da farantin a wanke tas, ta ɗora biskit a kai kamar yadda ta saba. Tana ta godiya, wai them little cakes were lovely, love, sai ta ƙara da wata magana a kan yaji daidai lokacin da wata bas ta wuce da ƙara. Na ji I, na ji like spicy food, kuma na tabbata akwai don't akwai really a tsakani, amma wacce ta riga wacce ban kama ba. Na yi murmushi na ce no problem, na rufe ƙofa, shikenan abu ya tsaya min a rai.

Na san wasunku za su ce to meye a ciki, ba dai ta ce ba ta son yaji ba? Wallahi ba ɗaya ba ne. In Baturen Ingila ya ce I don't really like it, sassauci ya yi maka, yana nufin abin bai dame shi ba can-can, zai iya ci in ta kama, kuma yana lallaɓa ka kar ka ji haushi. In ko ya ce I really don't like it, to ya rufe ƙofa ya sa sakata, kar ka sake kawo masa. Kalmomi biyar ɗin nan dai su ne, ba a ƙara ba a rage ba, wurin zama kawai aka sauya wa guda. Yadda na fahimci abin, don't ɗin kamar lema take, duk bayanau ɗin (wato kalma irin really) da ya biyo bayanta ya shiga ƙarƙashinta sai ta rage masa ƙarfi, wanda ya riga ta zuwa kuwa yana waje, shi ne ma yake ƙara mata nauyi.

Na kira Auta daga gaban talabijin na ce zo nan, kai da kake tsaye a bayana, me matar nan ta ce? Ko kallona bai yi sosai ba ya ce, "She said she doesn't really like it, Mama, she's being nice." Na ce to da really ɗin ce a gaba fa? Ya zaro ido ya ce ai da ta yi rashin kunya, ba a faɗa wa wanda ya ba ka abinci haka. Yaro ɗan shekara tara! Ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa, ni kuwa na yi WAEC na yi IELTS na biya kuɗin darasi ba kaɗan ba, ba malamin da ya taɓa ɗaga min wannan.

A wurin aiki ma kullum cikinsa muke. Uwar Ɗakina in ta duba takarda ta ce I'm not entirely happy with this, sabon zuwa sai ya ɗauka saura ƙiris ta gamsu, alhali ranta ne a ɓace, je ka sake kawai. I don't quite agree ma haka, in ka ji shi daga bakinta to sam ba ta yarda ba. Mara lafiya ya ce I just don't eat meat, ba ya cin nama ne kwata-kwata kuma kar ka tambaye shi dalili, amma I don't just eat meat na nufin yana ci har da wasu abubuwan, ka ga in ka juya su ka rubuta wa mutum abincin da ba nasa ba. I haven't had my tablets yet labari ne yake ba ka, I still haven't had my tablets kuwa ƙorafi ne, ka yi sauri. Ga kuma hardly, tsohuwa ta ce I hardly slept, babu not ko ɗaya a ciki amma ba ta runtsa ba kenan sai ɗan abin da ba a rasa ba. Kuma na lura kalmomin da mutum ke auna gaskiyarsa da su, irin honestly da probably da definitely, gaba suke son zama: I probably won't come, I honestly don't know. I won't probably come ba ya zama a bakinsu.

Abbansu ya shigo na kwashe duka na faɗa masa, ya yi dariya ya ce, "Ke dai Hajiya ki fito fili ki ce so kike a yabi miyarki." Na ce Yallaɓai ci masarka ka bar ni. Amma kun san shi da buɗe aji. Wai shekara 400 baya Bature I know not yake cewa, daga baya ne do ɗin nan ta kankane wurin, shi ya sa yanzu bayanau ke da kujera biyu, gaban don't ko bayanta. Wai kuma dokar da aka ɗirka mana a sakandare, cewa korewa biyu a jimla ɗaya suna kashe juna, littafin nahawun Robert Lowth da ya fara fitowa a 1762 na cikin waɗanda suka yaɗa ta, mutumin da daga baya ya zama bishop ɗin Landan. Na ce to a je a faɗa wa mutanen layinmu, don jiya ma na ji yaron gidan can yana rantsuwa I never did nowt, kuma kowa ya gane bai yi komai ba yake nufi.

Sai ya ce ai mu ma muna da shi, saurara: ban ji daɗinsa sosai ba, da kuma sam ban ji daɗinsa ba. Na farkon sosai ɗin tana tsakanin ba da ba, na biyun sam tana waje. Haka ba kullum nake zuwa ba, da kullum ba na zuwa. Har I don't think he's coming ɗinsu muna da ita, ba na jin zai zo. Gaskiya na ji daɗin wannan, har na sake kiran Auta don in nuna masa Hausa ma ba baya ba ce.

Na faɗa masa jimlolin biyu a hankali, na ce wacce ta fi zafi? Ya yi shiru, ya kalli babansa, ya ce duk ɗaya ne. Na maimaita. Ya ce Mama same thing, can I go now.

Nan daɗin ya gudu. Kunnen da ya tsinci wurin zaman really ɗaya cikin ƙarar bas, shi ne bai ji bambancin sosai da sam ba. Hajiya kakarsa in ta kira daga Kano ta yi ta jan shi da wasan jika, mijin nawa ka manta da ni ko, shi kuwa lafiya lau, lafiya lau, sai ya miƙo min waya. In ta ce masa ba ta jin daɗin jikinta sosai, ko ta ce sam ba ta jin daɗi, abu ɗaya zai ji. Abbansu ya ce zai koya, yaro ne, in mun je hutu zai kama. Na ce Allah ya sa, ban dai ƙara magana ba. Wanke-wanke na yi har da tukunyar da ba ta yi datti ba.

Mai gyaran injin wanki da ya ce zai zo tun safe sai ƙarfe bakwai ya turo saƙo, I definitely won't make it today. Shi kam gaba ya ajiye tasa, ba lallashi. Gobe aikin dare, ga yunifom ban wanke ba.