Akwatin kifi irin na da: inda aka kwana a mako na shida

'Yan'uwa masu koyo, gilashin gaba na akwatin kifin da nake haɗawa ya tsage. Gara in fara da wannan kafin wani ya ɗauka aikin yana tafiya sumul.

Mai walda ya haɗa mini firam da ƙarfe mai kusurwa, tsawo santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, wato zai ci ruwa lita 54. Daga waje aikin ya yi kyau. Ashe a lungun ƙasa na hagu ya bar wani ɗan tudun walda kamar ƙwayar dawa, ni kuma ban sa yatsa na laluba ba. Na kwantar da gilashi mai kaurin milimita 6, na fitar tsakar gida na fara zuba ruwa don gwaji. Ruwa na kusa da baki sai na ji ƙas! Tsaga ɗaya tun daga lungun har tsakiya. Uwargida ta leƙo daga kicin, ta ce Allah ya sa a nan aka tsaya, ta koma.

Laifina ne. Masu haɗa irin wannan akwati a Ingila da Amurka kafin zuwan silikon, wato danƙon da ake liƙa gilashi da shi, ba sa barin gilashi ya taɓa ƙarfe ko kaɗan. Sukan shimfiɗa wani ƙulli mai kauri a cikin firam, na garin alli da mai, su danna gilashin a kai, nauyin ruwa ya ƙarasa matse shi. Shi ya sa tsohon akwati idan ya daɗe ba ruwa, ƙullin ya bushe ya tsattsage, yoyo ya biyo baya. Ƙullin ne katifar gilashin, ni kuwa na yi wa nawa gilashin rowar katifa. Wasu daga cikin haɗin nasu har da jan garin dalma a ciki, kuma wannan kam ban kwaikwaya ba. Wanda ya san abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba zai kawo ta gidansa don ado ba. Silikon ya shigo sana'ar ne a shekarun 1960, daga nan aka koma akwatin gilashi zalla. Silikon ɗin nake amfani da shi, amma ku duba jikin robar: wanda aka yi don banɗaki, mai maganin fumfuna, yana kashe kifi.

Gindin akwatin a da na dutsen silet ne, irin na allon makarantar boko, domin ana kunna 'yar fitila a ƙarƙashinsa ta ɗumama ruwa. Na zaga ban samu ba, na saka tayil mai kauri. An so a sayar mini da guntun mabul, na ƙi, saboda yana narkewa a hankali ya sauya ruwan.

Abin da ya ja ni ga wannan tsohuwar hanya shi ne matsalar wutar lantarki. Injin hura iska ba ya aiki da alkawari. A 1850 wani masanin sinadarai a Landan, Robert Warington, ya bayyana yadda ya ajiye kifin gwal biyu da ciyawar ruwa mai suna Vallisneria a ruwa ɗaya, ciyawar na ba kifi iskar shaƙa. Da ruɓaɓɓun ganye suka gurɓata ruwan, sai ya zuba katantanwar ruwa ta cinye. Bayan shekara uku gidan zu na Landan ya buɗe ɗakin kifinsa ga jama'a. Ba famfo, ba injin tacewa. Sharaɗin dai kifi ya zama kaɗan, ciyawa ta yi yawa, abinci a riƙa ba su da awo.

Kifin gwal ba zai shiga nawa ba, ƙazantarsa ta fi ƙarfin lita 54. Guppy shida, wasu ƙananan kifaye masu launi, na tanada a baho, da 'yar kainuwa da na tsamo daga kududdufi na wanke sau uku.

Jiya na goge tudun waldar, na sake fentin lungun saboda tsatsa. Sabon gilashi ya hau da silikon mai kauri. Sai ya yi kwana bakwai kafin ya ga ruwa, kuma a tsakar gida za a sake gwajin.