Daren da na dawo da ƙanena Zariya daga Legas

Ranar da abokan zaman ƙanena suka bugo mini waya daga Agege cewa ya kwana huɗu bai runtsa ba, sai surutai yake yi shi kaɗai, ban tsaya shawara da kowa ba. Da asuba na bar Tudun Wada, na nufi Kwangila na hau mota. Shekara uku ke nan da aka gano yana da lalurar taɓin hankali, kuma muddin yana shan maganinsa, ba wanda zai gane. Da na isa sai na tarar maganin ya ƙare tun wata biyu baya. Kuɗinsa ya fi ƙarfinsa, bai san asibitin da zai je a can ba, kunya kuma ta hana shi tambaya.

Na yanki tikitin babbar motar dare don ta fi araha, ban gaya wa kowa halin da yake ciki ba. Tsorona kada 'yan kamasho su ce ba sa ɗaukar mahaukaci. Da ya ce ba ya son jikin taga, wai ana leƙensa, sai na ba shi kujerar da ke bakin hanyar wucewa, ni na matsa ciki.

Mun wuce Okene, wajen ƙarfe biyun dare, barci ya sace ni. Ihun wata mata ne ya tashe ni. Na hango shi can gaba, ya cafki kafaɗar direba yana cewa, "Tsaya! Ana bin mu!" Duk mai bin wannan hanya ya san abin da wannan magana ke nufi da tsakar dare. Mota ta yi tangal-tangal, salati ya tashi ta ko'ina, Allah Ya sa direban ya iya riƙe sitiyari har ya gangara gefe.

Nan take aka yi masa caa. Wani ya ce a ɗaure shi da igiyar kaya, wani ya ce a sauke mu a dajin, wani ya rantse ƙwaya ya sha. Ban ga laifinsu ba, rayukansu ne suka kusa salwanta. Sai dai duk lokacin da aka daka masa tsawa, sai ya ƙara firgicewa.

Wata dattijuwa 'yar Funtuwa ce ta cece mu. Ta miƙe a hankali ta ce da kwandasta ya kashe kiɗan da ke tashi, ta ce kowa ya ja baya. Sannan ta dube shi, muryarta ƙasa-ƙasa: "Ɗan nan, zo zauna kusa da ni ka riƙe mini jakata, tsoro nake ji." Ba ta musa masa cewa ana bin mu ba, ba ta kuma gaskata shi ba. Ya zauna, ya rungume jakar, tana tambayarsa sunan unguwarsu da sana'arsa har muka haye gadar Jamata. Na tsuguna na ce, "Inna, Allah Ya saka da alheri." Ta ce ta yi jinyar ɗanta shekara da shekaru.

Maganar kwandasta ce ta fi tsaya mini a rai. Ya ce, "Malam, da ka faɗa mana tun a tasha, da mun ba ku kujerar baya." Na tambaye shi ko an taɓa koya musu yadda ake yi da irin wannan fasinja. Ya ce abin da ya sani kawai lambar jami'an kiyaye haɗurra, 122, ita ma sai mota ta faɗi ake tunawa da ita.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Mu a Zariya ma da sauƙi, akwai sashen masu wannan lalura a asibitin koyarwa na Shika, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Mutumin ƙauye mai nisa dole ya sa mara lafiyarsa a motar haya, yawanci bayan ciwon ya riga ya tsananta.

Da na kai shi wurin likita, ya ce kamata ya yi in nemi asibiti a Legas a fara kwantar masa da hankali, sannan mu taso da rana, mu biyu muna rakiyarsa. Yanzu ya samu sauƙi, yana son komawa bayan Sallah. Na ce masa sai mun karɓi takardar likita zuwa wani asibiti a can, da maganin da zai ishe shi, kuma ni ne zan zauna a bakin hanyar wucewa.