Abin da aikin shagon taifin ya koya min kan sayen laftof

Ina aiki a shagon taifin da firintin a nan Sakkwato, yawancin kwastomominmu ɗaliban jami'ar Danfodiyo ne da 'yan Poli, kuma duk wanda ya tara ɗan kuɗinshi sai ya zo ya ce "malam wacce zan saya?" Ni dai tambayata ita ce, mi za ka yi da ita? In Word ne da PowerPoint da SPSS (manhajar lissafin bayanan bincike) na furojet, wallahi ba ka buƙatar mai tsadar nan ta masu gem.

Abin da ya fi ci min rai shi ne sitikar Core i7 (sunan furosesa, wato ƙwaƙwalwar laftof), yaro ya gani ya ruɗe ya zuba kuɗin da mahaifinshi ya sha wuya kafin ya haɗa, alhali injin tun na 2011 ne. Ka shiga Settings ka duba About, lambar da ke bayan i5 ko i7 ita ce magana. In ka ga i5-8250U to janareshan na 8 ke nan, i7-2620M kuwa na 2 ne, kuma waccan i5 ɗin ta fi ta gudu nesa ba kusa ba. Ga shi Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun Oktoban 2025, ita kuma Windows 11 a ƙa'ida sai Intel janareshan 8 zuwa sama.

RAM (wurin da laftof ke riƙe aikin da kake yi a lokacin) kada ya gaza 8GB, kuma ka nace sai mai SSD (ma'ajiyar fayil mai sauri) ko da 256GB ne, ya fi maka tsohon had-dis (hard disk) mai 1TB da za ka kunna ka tafi alwala ka dawo bai gama buɗewa ba. Laftof irin EliteBook ko Latitude ko ThinkPad ta hannu mai lafiya ta fi sabuwa dal mai Celeron (ƙaramin furosesa) da RAM 4GB.

Sai batir, don kowa ya san halin wuta. Ka zare caja a gaban mai shago, ka kunna bidiyo ka zauna kana kallon yadda cajin ke sauka, kada ka ji kunya kuɗinka ne. Ka kai hannu wurin da fanka ke fitar da iska, wadda ke ƙuna a cikin shago ba za ta jure zafinmu na Afrilu da ke wuce digiri 40 ba, balle ƙurar hunturu ta toshe ta. Ka buɗe Notepad ka danna kowane maɓalli, ka tabbata ba a kulle BIOS (saitin da ke tada laftof kafin Windows) da fasuwod ba, sannan mai shago ya rubuta maka rasit da siriyal lamba da kwanakin da za ka iya maidowa in ta ba da matsala.