Tarin da ya ƙi jin magani: shawara ga ƙannenmu ma'aikatan lafiya a Damagaram

Ƙannena, kuskuren da muka fi maimaitawa a farkon aikinmu shi ne ɗora mutum kan maganin tarin fuka don kawai hoton ƙirjinsa ya nuna tabo. Mun yi ta yin haka da kyakkyawar niyya, amma mun cutar da wasu.

Ku fara gane abin da ke faruwa a cikin huhu. Idan wani abu ya shiga wanda jiki ya kasa narkarwa, ƙwayoyin kariya sai su kewaye shi su yi masa katanga, ya zama ɗan ƙulli, wanda likitoci ke kira giranuloma. Ƙwayar tarin fuka, wadda Robert Koch ya gano a 1882, ita ta fi jawo shi a ƙasarmu. Nata ƙullin yakan ruɓe a tsakiya, ya yi fari kamar dagargajajjen cuku, in ya fashe ya bar rami. Sai dai hoto ba ya faɗin wanda ya gina katangar. Wannan aikin kaki ne.

Duk wanda ya yi mako 2 yana tari, a karɓi kakinsa. A nan ma mun yi sakaci, don mukan miƙa wa mutum kwalba ba bayani, ya dawo mana da miyau. Ku ce ya kurkure baki da ruwa da sassafe, ya fita fili, ya ja numfashi mai zurfi sau 3, sannan ya kakaro daga ƙirji, kamar cikin ƙaramin cokali, mililita 3 zuwa 5. Madubin labo ba ya ganin ƙwayar sai ta kai dubbai a mililita guda, saboda haka in an ce "ba a gani ba" kada ku rufe magana. A tura gwajin na'ura mai suna GeneXpert, wanda cikin kamar awa 2 yake nuna ƙwayar, ya kuma nuna ko ta bijire wa rifamfisin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tarin fuka. Kafin sakamako ya fito kada ku ba da magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin siprofuloksasin ko lebofuloksasin. Suna lafar da tarin na ɗan lokaci, su ɓoye cutar, su koya mata taurin kai.

In ta tabbata, magani wata 6 ne, kyauta: wata 2 na haɗin magani 4, wata 4 na haɗin 2. Ku ɗora mutum kan sikeli, ban da kintace. Yawan ƙwayar da zai sha kullum bisa nauyinsa yake, in ya yi ƙiba a ƙara. A sake duba kaki ƙarshen wata na 2, na 5 da na 6. A auna ƙanjamau da suga. Ku faɗa masa tun ranar farko fitsarinsa zai yi ja, in ba haka ba zai tsorata ya ajiye magani ya koma jiƙo. Ido ya yi rawaya da amai kuwa, hanta ce, a dakata a kai shi ga likita. Ƙafa na zugi da mutuwa, a ba da bitamin B6. Mace mai shan ƙwayar tazarar haihuwa a canza mata hanya, don rifamfisin na karya ƙarfinta. Wannan mun sha mantawa, kunya ce kawai ke hana mu tambaya.

To, wanda ya gama wata 6, kaki ya fito fes, amma yana ta rama yana tofar da jini fa? Mu dā sai mu sake ɗora shi kan magani daga farko. Sau da yawa naman gwari ne mai suna asfajilus ya tare a ramin da tarin fuka ya bari, ya dunƙule kamar ƙwallo. Maganinsa itirakonazol, aƙalla wata 6, kuma ba a haɗa shi da rifamfisin, don tana cinye shi a jini.

Akwai kuma sarkoyidosis, wata cuta da ita ma ke yin ƙulli a huhu. Ƙullinta ba ya ruɓewa a tsakiya, ba ta yaɗuwa tsakanin mutane, takan kumbura kaluluwar tsakiyar ƙirji ta ɓangarori biyu, ta taɓa ido ko fata. Tabbatar da ita sai an yanko ɗan nama an duba, don haka a tura babban asibiti. Kada ku yi garajen ba da firednizolon, maganin da ke danne ƙwayoyin kariyar jiki. In ashe tarin fuka ne, kun rushe katangar da ke tsare ƙwayar.

Ku tambayi sana'a. Tun da aka samu zinariya a Jado, arewacin Nijar, a 2014 samarinmu ke tafiya haƙa da niƙan dutse. Ƙurar dutsen na yin tabon da ba ya gogewa, tana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Irin wannan, ko kakinsa ya fito fes yau, ku rubuta masa ranar dawowa, ku karɓi lambar wayar wani ɗan'uwansa kafin ya fita.