Yaya da maganar kulorokwin

Safiyar yau ta yi daɗi a lab, ɗakin bincikenmu. Na zuba wa ƙwayoyin halittar da nake reno a faranti bafilomaisin, wani sinadari mai hana su narkar da shararsu, da sassafe, kafin azahar na leƙa madubin ƙara girma, sai ga ɗige-ɗige kore shar sun cika cikinsu maƙil. Waɗanda ban zuba wa komai ba kuwa, ɗigo nan, ɗigo can. Farfesa ya leƙa ya ce "To, madalla," ya wuce. Duk wanda ya san shi ya san ba ƙaramin yabo ba ne wannan.

Ina cikin wannan nishaɗi Yaya ya kira. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Ke, ba kulorokwin kuke aiki da shi a wurin nan naku ba?" Na ce har da shi. Ya ce matar abokinsa ce aka gano tana da ciwon daji, kuma an turo musu wani saƙo a waya cewa kulorokwin yana kashe ƙwayar kansa, wato ciwon dajin, da yunwa. Wai in faɗa masa ƙwaya nawa za ta riƙa sha.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne saƙon ba ƙarya ce zalla ba. Kusan kowace ƙwayar halittar jikinmu tana da wasu 'yan jakunkuna masu tsamin asid a cikinta, lisosom, waɗanda Christian de Duve ɗan Beljiyam ya gano a 1955. Abin da ƙwayar ta haɗiyo daga waje, da kayan cikinta da suka tsufa, can ake kai su a narkar, a sake amfani da su. Yadda take tattara nata tsofaffin kayan, wato otofaji, shi ya ba Yoshinori Ohsumi na Japan kyautar Nobel a 2016. Kulorokwin yana shiga jakunkunan nan ya maƙale, ya rage musu tsami, sai aikin ya tsaya. Kuma gaskiya ne wasu ƙwayoyin kansa, musamman ta pankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, sun dogara ƙwarai da wannan hanya idan abinci ya yi musu ƙaranci.

Na ce, "Yaya, ka ɗauka masu kwasar shara ne suka daina aiki a gari gaba ɗaya don a ƙuntata wa gida ɗaya. Bola za ta taru a ƙofar kowa." Ɗige-ɗigen da na yi ta murna da su da safe ma sharar ce da ta taru. Maganin bai san ƙwayar kansa daga ta ido ko ta zuciya ba. Shi ya sa masu shan ɗan'uwansa haidiroksikulorokwin shekara da shekaru saboda ciwon gaɓɓai ake duba musu ido a kai a kai, kuma kulorokwin idan ya wuce ƙima yana hargitsa bugun zuciya, ya kashe mutum cikin sa'o'i. An gwada haidiroksikulorokwin tare da kemo a kan masu kansar pankiriyas, ƙarin kansar ya ɗan ja baya a jikin wasu, amma ba a ga ya ƙara musu tsawon kwana a fili ba.

Ya ce, "Amma ai a wurinku yana aiki."

A faranti, eh. Na tuna masa da 2020. Kulorokwin ya tare korona sarai a ƙwayoyin ƙodar biri da ake renonsu a lab, domin a cikinsu ta jakar asid ɗin cutar take bi. Ƙwayoyin huhun mutum kuwa suna da wani sinadari a fatarsu, TMPRSS2, da ke buɗe mata wata ƙofar daban, ba ruwanta da jakar. A watan Yunin shekarar babban gwajin RECOVERY na Birtaniya ya nuna haidiroksikulorokwin bai rage mutuwar waɗanda aka kwantar ba. Sauran kayan aikinmu ma, bafilomaisin da dainaso da su Pitstop, ba na bai wa mutum ba ne. Muna toshe hanya ne da su don mu ga me zai faru, kuma ko a farantin suna taɓa abubuwan da ba a aike su ba.

Ya yi shiru. Sai ya ce, "To ke, mene ne amfanin karatun naki, in ba za ki iya taimakon mutum ɗaya ba?" Ba da faɗa ya faɗa ba, da ma da faɗan ne. Muryarsa ta mutumin da ya riga ya ce wa abokinsa kada ya damu, ƙanwarsa ta san kan abin.

Na ce ya yi haƙuri, su kai saƙon wurin likitanta su nuna masa, kada ta sha komai a ɓoye. Ya ce "To," irin "to" ɗin nan da ba ta kai zuci ba, ya kashe.

Da la'asar na ƙirga ɗige-ɗige a kwamfuta har idona ya yi yaji. Hotunan sun yi kyau, amma ban ƙara jin daɗinsu ba. Taron rukuni an ɗaga zuwa Alhamis. Injin sanyi yana ta ƙararsa.

Bayan isha'i Inna ta kira, wai me na yi wa Yaya yake cewa boko ya sa na fara rowar sani. Na tura masa tambayoyin da za su yi wa likitan, har da ko akwai gwajin magani da za a iya sa ta a ciki. Ya buɗe saƙon, bai ba da amsa ba. Gobe da safe zan sake kiransa kafin ya fita aiki.