Wasiƙa daga Manchesta: yadda albasar Galmi ta ƙi ni

Assalamu alaikum ƴan'uwana na Damagaram, na Birni da na Zango da na Sabon Gari, da duk wanda wannan takarda ta iske. Ina gaida iyaye, ina gaida yara. Yaya aka ji da zafi? Mu nan sai godiya, ruwan sama ne dai ba ya gajiya da mu.

Labarin albasa zan ba ku, kuma na san masu lambun Mirriya za su sha dariya. Sun cancanta su yi ta.

A nan Ingila hukumar gari tana da filaye da take yankawa ƙanana-ƙanana, ta ba mazauna haya su noma kayan miya. Alotmen suke ce musu. Tun 1908 doka ta ɗora wa hukumomin nan nauyin samar da irin wannan fili idan jama'a suka nema, kuma abin da ka noma na bakinka ne da na iyalinka, ba na kasuwa ba. Cikakken yanki ya kai kusan murabba'in mita 250. Ni rabi aka ba ni, shi ma sai da na shekara uku sunana na cikin layi. Ranar da na karɓi makulli na iske ciyawa har gwiwa, wata mai jijiya kamar kiri-kiri, ka tumɓuke ta yau, guntun da ya saura a ƙasa ya sake tsiro. Ƙasar kuma laka ce mai danƙo, tana kama takalmi, ba irin jigawarmu da hauya ke shiga ba gardama ba.

Ni ɗan Birni ne, ban taɓa dasa ko tushe ɗaya na albasa ba. Abin da na iya shi ne in tsaya a kasuwar Dole in yi ta ja da mai kashi har sai ya yi mini gyara. Amma da yake ɗan Nijar ne ni, sai na ɗauka albasa a jinina take. Ina dube-dube a intanet na ci karo da ƙunshin iri an rubuta Violet de Galmi a jikinsa, wato jar albasar nan ta garin Galmi na yankin Tawa. Wallahi sai da gabana ya faɗi, kamar na haɗu da ɗan unguwarmu a tasha. Na saya ba tare da na tambayi kowa ba.

A watan Maris na yafa irin a ƴan kwanoni, na jera su a bakin taga saboda sanyi. Suka tsiro sirara kamar gashi. Ƙarshen Afrilu na kai su fili na dasa, layi-layi, har da igiya don su miƙe. Wani dattijo Bature da ke da yanki kusa da nawa, ya fi shekara talatin a wurin, ya leƙo ya tambaye ni wane iri ne. Na buga ƙirji na ce masa wannan ita ce albasar da ake loda wa manyan motoci daga yankin Tawa a kai Abijan da Akara. Ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya ba da sa'a, ko kuma abin da ya yi kama da haka a bakinsu.

Ba a yi wata guda ba sai na ga gindin ya fara kumbura. Na yi murna, na ɗauki hoto na tura wa ƙanwata. Ashe ƙarshen ke nan. Ganye uku ko huɗu kowace ta yi, ta tsaya cik, lawashin ya kwanta. Da na tona, babbar cikinsu ba ta kai goro ba. Na zargi taki, na zargi sanyi, na zargi wanda ya sayar mini da irin.

Dattijon nan ne ya zaunar da ni a kan wani tsohon benci ya warware mini. Albasa tana ƙidaya tsawon yini. Kowane iri yana da adadin awoyin hasken da idan ya cika, sai ta daina fitar da ganye ta koma tara kai. Kowane ganye kuwa shi ne ɓawo ɗaya na cikin albasar, don haka wadda ba ta tara ganye da yawa ba kafin lokacin, kanta ba zai yi girma ba. Irin ƙasashenmu awa 11 zuwa 12 sun ishe shi, domin a Damagaram yini ba ya nisa da awa 12, rani da damina. Irin nan Turai kuwa sai ya ga awa 14 zuwa 16. A Manchesta, a watan Yuni, yini yana kusan awa 17, ana sallar magariba wajen ƙarfe tara da rabi na dare. Ke nan ranar da na dasa ƴar Galmi, hasken ya riga ya wuce nata ma'auni. Ta ɗauka lokacin girbi ya yi tun tana jaririya. Ana cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Tawa dai halin ranar gida ta yi, ta ƙi ta baƙunta.

A shekara ta biyu na ajiye girman kai na yi yadda ƴan gari ke yi. Yawancin sababbin shiga a nan ba sa fara da ƙwayar iri. Ƙananan albasa ake saya, kamar kan ɗan yatsa, waɗanda aka noma bara aka tsayar da girmansu, sai a binne su daga tsakiyar Maris zuwa Afrilu. Na ɗauki Sturon mai ruwan ƙasa da Red Baron ja, don jar ta ɗan tuna mini da tamu. Tazarar santimita 10 tsakanin kowace, a bar tsinin kawai yana leƙowa. Washegari na dawo na iske kusan rabi a warwatse a kan ƙasa. Na fara tunanin ko wani ne ke mini hassada, sai maƙwabcina ya nuna mini tsuntsaye a kan shinge. Tsinin suke ja su fizgo ta. Na sake binnewa, na rufa raga har saiwa ta kama.

Daga nan sai noma. Albasa ba ta iya kokawa da ciyawa, ganyenta ba ya yin inuwa, ga saiwarta a sama-sama, don haka da hannu nake cira, a durƙushe, gwiwa cikin laka. Ban ruwa kuwa da ƙyar na yi sau biyar a shekarar. Duk lokacin da na tsaya ruwa na zuba a kaina sai in tuna layin jarkoki a bakin famfon unguwarmu da ƴan garuwa, in rasa abin cewa. Wasu daga cikin jajayen sun fitar da tsinken fure tun kafin lokaci. Irin waɗannan ba sa ajiyuwa, sai a karya tsinken a fara cinye su. Akwai kuma wata cuta ta farin ruɓa da kowa ke tsoro a filin, tana kama gindi, kuma tana iya zama cikin ƙasa shekara 15 ko fiye. Wata mata da yankinta ya kamu ta hana ni taka wurinta, kada in kwaso ta a takalmi.

A watan Agusta lawashi ya kwanta, na tumɓuke. A nan na gane arzikin da muke da shi ba mu sani ba. A gida rana ce ke busar da albasa kyauta kafin a kai ta rudu, wato rumbun ajiyarta. Ni kuwa sati uku na yi ina wasan ɓuya da hadari, in shanya a kan ragar waya, in ga sama ta haɗe in kwashe da gudu zuwa ƴar rumfar katako. Duk da haka wajen goma sun ruɓe ta wuya. Sauran na kitse ganyensu na rataye, sun kai mu har Janairu. Maiɗakina ta ce suna da kyau a ido, amma a miya sai ta sa biyu inda ɗaya ta Galmi za ta isa. Ban yi musu ba.

Roƙona biyu ne. Wanda zai je Mirriya ranar Lahadi ya tambayar mini masu lambu kwana nawa suke janye ruwa kafin su tumɓuke, don ina zargin jiƙar ƙarshe ce ta ruɓar mini da wuyan. Sannan Gwaggo, idan an karanta miki wannan, na ji saƙon cewa kin tanadar mini iri. Ki ba yaran Kawu su dasa a can, ni gabu nake so.

Naku, daga Manchesta.